Malamar ɗana ta ce wai shi "riot" ne, ku fassara min don Allah

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu Turanci ku taimaka min kafin jinina ya hau. Jiya na je ɗauko Khalifa daga makaranta a nan Manchesta, sai malamarsu ta tare ni a bakin ƙofa tana dariya har da dafa ƙirji, ta ce min "your son is a riot". Ni dai iya sanina riot tarzoma ce, irin wadda ake ƙona tayoyi a fasa shaguna. Yaro ɗan shekara 6! Na yi mata murmushin yaƙe, na ja hannunsa muka fito. A mota na titsiye shi ya faɗa min wa ya daka, ya rantse bai taɓa kowa ba. Babansa aikin dare yake yi, ban samu na tambaye shi ba. Ƙararsa ta kawo min ne ko me?

Malam Na-Ɗorayi: Wa alaikumus salam. Hajiya ki kwantar da hankalinki, yabonsa ta yi. In Bature ya ce mutum "a riot" ne, yana nufin mai barkwanci, wanda in yana wuri ba mai iya rufe baki don dariya. Kamar dai mu ce "yaron nan zai kashe mu da dariya". Kin ga mu har kisa muka ambata, kuma ba wanda zai kira 'yan sanda.

Maman Khalifa: Innalillahi! Ni da har na hana shi kallon katun jiya da daddare.

Yaron Kwari: Hajiya wannan zalunci ne a fili. Ki biya shi diyya, alewa biyu da katun na awa guda.

Maman Khalifa: Kai dai bari, ƙanena. To amma Malam, yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki ƙone-ƙone ta kuma ɗauki raha? Abin bai shiga kaina ba.

Malam Na-Ɗorayi: Ai rahar ta ma fi kusa da asalin kalmar fiye da yadda kike zato. Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, can wajen shekarun 1200. A Faransancin tana nufin gardama ko cacar baki. Da ta shigo Ingila sai ta zauna a kan sharholiya: mutumin da ya saki kansa, ci da sha da almubazzaranci ba linzami. Daga baya ne, wajen ƙarshen ƙarni na 14, aka fara kiran taron da ya tayar da hankalin gari da ita. In kin duba, zaren da ya ɗinke su duka ɗaya ne, abu ya wuce gona da iri. Mutum ya wuce gona da iri a shagali, taro ya wuce gona da iri a titi, dariya ta wuce gona da iri a aji. Har lambu ma, in furanni suka cika shi ja da ɗorawa da shuɗi ido ya rasa inda zai tsaya, sai su ce "a riot of colour".

Antin Jos: Malam ka tuna min da makarantar Lahadi. A Littafi Mai Tsarki na Turanci, fassarar Sarki James ta 1611, cikin Luka sura 15, akwai labarin ɗan da ya karɓi rabonsa na gādo ya tafi wata ƙasa mai nisa ya ɓarnatar. Kalmomin da aka yi amfani da su su ne "riotous living". Muna yara mun ɗauka zuwa ya yi ya shiga 'yan jifa. Sai da malaminmu ya ce a'a, holewa ya yi har aljihu ya bushe ya koma kiwon aladu.

Malam Na-Ɗorayi: Madalla, Anti. Wannan ita ce tsohuwar ma'anar tsaf.

Yaron Kwari: Ni a ƙwallo na san ta. In ƙungiya ta yi wa wata ruwan ƙwallaye, biyar ko shida ba ko ɗaya, sai ka ga jaridun Ingila sun rubuta "ran riot". Mu a gidan kallo sai mu ce an yi kaca-kaca da su.

Malam Na-Ɗorayi: Wannan kuwa daga bakin mafarauta ta fito. Karnukan farauta in aka sa su bin sawun dabba guda, sai suka ji ƙanshin wata suka watse suka bi ta, maigidan na kira ba sa ji, shi ne "run riot". Duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta daji ya san takaicin nan.

Barista: Sannunku. Tunda an taɓo karin maganarsu, bari in kawo wadda ta shafi sana'ata. Maman Khalifa, in wata rana malamar nan ta ce miki ta "read the riot act" ga 'yan ajinsu, to ranar babu dariya, ta ja musu kunne ne jan ƙarshe. Kuma wannan doka ce ta gaske da aka taɓa yi. Majalisar Birtaniya ce ta zartar da ita, ana kiranta dokar 1714, ta fara aiki a 1715, farkon mulkin Sarki George na Ɗaya, lokacin da ake ta tashin hankali a kan hawansa gadon sarauta. Abin da ta ce shi ne in mutum 12 ko fiye suka taru suna tayar da hankali, alƙali ko magajin gari zai fito ya tsaya kusa da su gwargwadon yadda zai iya, ya karanta musu shela da babbar murya da sunan sarki cewa kowa ya watse ya koma gidansa ko bakin sana'arsa. Daga nan suna da awa ɗaya. Wanda aka samu a wurin bayan awar ta cika, hukuncinsa na iya kaiwa ga rataya. Kuma in jami'ai suka kashe wani wajen tarwatsa taron, doka ta wanke su. Ba a soke ta a Ingila ba sai 1967.

Ni abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne hoton mutumin nan mai takarda. Ka ƙaddara dubban mutane na ihu, ba lasifika, kai kuma kana tsaye a kan doki ko a taga kana karatu. Wa zai ji ka?

Maman Khalifa: Barista, kamar ka san abin da ke raina. Akwai wani wurin tunawa a tsakiyar garin nan, matattakala ce mai zagaye, an buɗe ta a 2019, an rubuta sunaye a jiki. Peterloo suke cewa. Na sha wucewa ta wurin da keken jariri ban taɓa tsayawa ba.

Barista: Ki tsaya wata rana, Hajiya. Ranar 16 ga Agusta 1819 mutane wajen 60,000 suka taru a filin nan suna neman a ba su wakilci a majalisa. Da mata da yara, wasu cikin kayansu na zuwa coci. Mahukunta suka ce sun karanta shelar, jama'a da yawa suka ce ba su ji komai ba. Mahaya dawaki suka faɗa cikin taron da takubba, aka kashe mutum goma sha wani abu, ɗaruruwa suka ji rauni. Sunan Peterloo ma ba'a ce, an kwaikwayi Waterloo inda sojan Birtaniya suka ci Napoleon shekara 4 kafin nan. Yau ba wanda ke kiran abin tarzoma, kisan gilla ake cewa.

Ɗan Rediyo: Yawwa, yanzu aka zo wurina. Shekara da shekaru ina fassara labarai, kuma kalmomin da suka fi sa mu gardama a ɗakin labarai ba su wuce irin wannan ba. Labari zai shigo da Turanci saura minti goma a shiga situdiyo, ga riot a layin farko. Hausa kuwa ta ba ka zaɓi har ya yi yawa: tarzoma, zanga-zanga, bore, hargitsi, yamutsi, rikici, hatsaniya, tashin hankali. Kowacce da nauyinta. Zanga-zanga tana da kwalaye da buƙata, mai yinta yana da abin faɗa. Yamutsi ba shi da shugaba, kamar a tashar mota ko a bakin rumfar zaɓe. Bore yana da wanda aka yi wa, ɗalibai su yi wa hukumar makaranta, fursunoni su yi wa gandurobobi. Rikici kuwa ɓangare biyu yake nema. Tarzoma ita ce ta fi kusa, amma da zarar ka furta ta a iska ka riga ka yanke hukunci, mai sauraro ya ji 'yan ta-da-zaune-tsaye.

Akwai ranar da na rubuta "masu zanga-zanga", editana ya ja layi da jan biro ya sa "masu tarzoma". Na ce Oga, kwalaye suke ɗauke da su. Ya ce an ƙona mota ɗaya. Na ce cikin mutum dubu nawa? Bai ce komai ba, ya nuna min agogo.

Matashiya: Gaskiyar magana kenan. Ni a ganina wannan kalma ta mai mulki ce, ko da Turanci ko da Hausa. Ba wanda ya taɓa fitowa daga gida ya ce yau tarzoma zan je. Wanda ke saman bene yana leƙen titi shi ke raɗa sunan. Ku duba abin da aka koya mana a sakandare, "Aba Women's Riot" ta 1929. Matan nan ba su kira abin da suka yi haka ba. Da harshen Ibo Yaƙin Mata suke cewa. An turo a ƙirga su da dabbobinsu a Oloko, suka gane haraji ake shirin ɗora musu, wata mata mai suna Nwanyeruwa ta ƙi, dubban mata suka tashi a kan sarakunan da Turawa suka naɗa. Sojoji suka harbe mata fiye da 50. Wanda ya yi harbin shi ya rubuta rahoto, shi ya zaɓi kalmar, mu kuma muka haddace don mu ci jarrabawa.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, na karanta abin da kika rubuta sau biyu. Maganar matan Aba na yarda da ke. Amma kada ki ce ko'ina haka ne. Ni a Kano na tsufa. Na ga ranar da aka tashi da safe da buƙata ta gaskiya, kafin azahar waɗanda suka kawo buƙatar sun koma gida, aka bar titi a hannun wasu. Na ga tela maƙwabcina tsaye a gaban shagonsa, an fasa ƙofa an kwashe kekunan ɗinki uku da kayan sallar mutane. Bai san ma me ake faɗa a kai ba. Ki je ki ce masa wai kalmar ta mai mulki ce. Shi ya san sunan abin da ya same shi.

Matashiya: Allah ya ƙara girma, Baba. Ban ce ba a ɓarna ba. Cewa na yi da an fasa shago ɗaya sai a shafa wa kowa baƙin fenti, a manta da abin da ya fito da mutane tun farko.

Baba Mai Ritaya: To ai laifin bai tsaya kan mai raɗa suna kaɗai ba, har da wanda ya tara jama'ar da ba zai iya riƙewa ba. Kuma ni ƙorafina da kalmar Turancin nan ta wata fuska ce daban. Wani lokaci ƙanƙantar da abu take yi. Na ga littattafai sun rubuta "Maitatsine riots". Disamba 1980 ina nan, ina da 'ya'ya biyu. Kwana goma sha ana abu ɗaya a 'Yan Awaki, 'yan sanda suka kasa, sai da aka kawo soja. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce mutum 4,177 suka mutu. Wannan ita ce kalmar da aka gaya wa jikana Khalifa don ya ba aji dariya? Mu da muka gani yaƙi muke cewa.

Ɗan Rediyo: Baba ya kama wani abu. Haka ma ta Mayu 1953 a Kano, bayan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, da zuwan tawagar Akintola. Turawa riot suka rubuta, kwana huɗu, mutum aƙalla 36. Mu kuwa a Hausa yawanci rikici ake cewa, domin ɓangare biyu ne suka fuskanci juna. Amma Satiru ta 1906 a ƙasar Sakkwato ba su ce mata haka ba, tashi tsaye a kan mulkinsu suka ɗauke ta, tunda an kashe musu jami'ai. Mu ma bore ko tawaye muke cewa.

Barista: Bari in sa ma'aunin kotu a tsakani, ko da yake na san ba zai raba gardamar ba. A doka ba a kallon dalilinka mai kyau ne ko maras kyau, ƙirga kawuna ake yi a duba ko an yi amfani da ƙarfi. A Ingila yau, bisa dokar 1986, sai mutum 12 masu manufa ɗaya kafin a ce riot, kuma ɗaurin na iya kaiwa shekara 10. In uku ne zuwa sama akwai wani laifin daban mai sauƙi a kan wannan. A dokar tarayyar Amurka uku sun isa. A nan gida, kundin laifuffuka na Kudu uku ya ce. Namu na Arewa, final kod da ke aiki tun 1960, wanda aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan da Indiya, biyar ya ce. Kuma ga inda matasa ke faɗawa rami: in taron haramtacce ne, mutum ɗaya a ciki ya yi amfani da ƙarfi don cimma manufar taron, kowa da ke ciki ya shiga laifin. Ko da kai ruwan leda kawai kake riƙe da shi.

Yaron Kwari: Ke nan mu biyar da muke musun ƙwallo a bakin shago kullum, in ɗaya ya jefi wani da takalmi mun shiga uku?

Barista: Sai in kun haɗu ne da niyyar aikata laifi, ƙanena. Musun Arsenal bai kai nan ba tukuna.

Matashiya: Barista, tunda ka kawo doka, ka faɗa musu maganar kuɗi ma. Tulsa a jihar Oklahoma ta Amurka, 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1921. Fararen fata suka afka wa unguwar Greenwood ta baƙaƙen fata masu arziki, suka ƙone ta ƙurmus, masana tarihi suna ƙiyasin mamata har zuwa 300. Aka raɗa wa abin "race riot", kamar dai kowa da kowa ne ya fito ana dambe. Kamfanonin inshora suka ƙi biyan mutanen da aka ƙone wa gidaje da shaguna, domin a takardunsu an rubuta ba sa biyan asarar da riot ta jawo. Sai a 'yan shekarun nan aka koma kiran abin kisan kiyashi a hukumance. Kalma ɗaya ta cinye dukiyar al'umma guda.

Barista: Haka ne, kuma har gobe masu shago su karanta takardar inshorarsu da kyau. Galibi yajin aiki da tarzoma da tashin hankalin jama'a ana ware su gefe, sai ka biya ƙari kafin a rufa maka su. A Ingila kuma akwai wani juyi: tun dokar 1886, wadda aka sabunta a 2016, in abin ya cika sharuɗɗan riot a doka, hukumar 'yan sandan yankin ce ke biyan diyya. Shi ya sa bayan abin da ya faru a Landan da wasu birane a Agusta 2011, wanda ya taso daga harbe Mark Duggan a Tottenham, masu shaguna sun damu ƙwarai da wane suna hukuma za ta kira shi.

Baba Mai Ritaya: Da telan nan a can yake, da ya samu kekunansa ke nan.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Mu da Faransanci muka yi boko, kuma abin dariya, kalmar da Malam ya ce daga Faransanci ta fito, Faransawan yau ba sa amfani da ita. Émeute suke cewa, zanga-zanga kuma manifestation. Gardamar dai ita ce wannan taku. Ran 9 ga Fabrairu 1990 'yan makaranta suka fito a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Har yau duk shekara ɗalibai na tunawa da ranar, kuma in ka kuskura ka ce émeute a gabansu, sai an raba ku.

Matashiya: Shi ya sa Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fatan Amurka, ya ce riot harshe ne na waɗanda ba a saurara.

Malam Na-Ɗorayi: Ya faɗa, ƙanwata, a shekarun 1960. Amma a cika masa maganarsa. A jawabin nan ya ce shi ba ya goyon bayanta, yana ganin ɓarnarta ta fi amfaninta, sai dai ba zai yi tir da ita ba ya yi shiru a kan halin da ke haifar da ita. Rabin farko na Baba ne, rabi na biyu naki.

Matashiya: To Malam ai ni rabin nawa ne ba a cika faɗa a rediyo ba.

Ɗan Rediyo: Jifan nan ni aka yi wa, na kuma karɓa. Amma ki sani ba mu kaɗai ba ne. Los Angeles 1992, bayan an sallami 'yan sandan da suka daki Rodney King, mutum fiye da 60 suka mutu, har yau wasu riots suke cewa wasu uprising, wato bore. Ran 6 ga Janairu 2021 da magoya bayan Trump suka kutsa majalisar Amurka, nan kuma juyawa abin ya yi: masu sukarsu suna ganin riot ta yi kaɗan, tawaye ne, magoya baya kuma suna ganin ta yi yawa. Ni dabarar da na koya ita ce in faɗi abin da ido ya gani. An ƙona motoci kaza, an harba barkonon tsohuwa, an kama mutum kaza. Sai dai kanun labari ba ya ɗaukar dogon zance, dole a ƙarshe ka zaɓi kalma ɗaya. Kuma ko sunan da muke kiran 'yan mobayil da shi, 'yan sandan kwantar da tarzoma, ya riga ya faɗi abin da suka zo tararwa tun kafin su sauko daga mota.

Baba Mai Ritaya: In sun zo da wuri dai. Ranar telan nan sai bayan la'asar muka ga ƙeyarsu.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara, kada mu gangara siyasar gida. Tambayar fassara aka yi. Maman Khalifa, kin gamsu?

Maman Khalifa: Na gamsu har na ƙoshi, ranka ya daɗe. Yanzu na dawo daga makarantar. Na tambayi malamar me ya yi jiya, ta ce kwaikwayon yadda nake masa faɗa a waya da Hausa ya yi wa 'yan ajin, har da riƙe ƙugu da "zan haɗa ka da babanka". Yaran ba su ji ko kalma ɗaya ba amma sai da ta tsayar da darasi.

Yaron Kwari: Hajiya a janye maganar diyya.

Maman Khalifa: An janye. Barista, turo min kalmomin shelar nan ta 1714, yau da daddare zan karanta masa, kuma ni ba zan ba shi awa ɗaya ba.